Rancen Kwanon Malam Jabir

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyar shafin nan. Gara ku ji zancen daga bakina kafin a kawo muku shi a karkace, don yanzu haka a Tudun Wada an kai inda ake cewa wai suma na yi a ofis har sai da aka yayyafa min ruwa. Ban suma ba. Miƙewa na yi da ƙafafuna na fita, ko jiri ban gani ba. Amma bari in ɗauko muku daga tushe, saboda waɗanda yau suka fara cin karo da ni.

Sunana Hadiyya, shekarata ashirin da bakwai. A nan Kontagora aka haife ni, a nan na yi karatun kasuwanci, kuma shekara uku ke nan ina riƙe da kujerar sakatariya a ƙungiyarmu ta gama kai, wadda ake ajiya a cikinta ana kuma ba da rance. Sunanta Haɗa Hannu. Ofishin namu shago biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu aka shafa shuɗin fenti, sai benci guda a ƙofa ƙarƙashin wata darbejiya. Kada ku raina shi. Mutum ɗari huɗu da 'yan kai ne ke da ajiya a wurin, daga masu ƙuli-ƙuli, teloli, 'yan acaɓa, dillalan doya, malaman firamare, har manoma tun daga Auna zuwa Rijau.

Asalinta adashi ne. Mahaifiyata, wadda muke kira Inno, ita da ƙawarta Mama Rhoda suka fara shi da mata goma sha ɗaya masu suyar gyaɗa, tun ina goye. Inno ce uwar adashi. Wata shekara ta ɓoye zubin wata biyu cikin tukunya a ƙarƙashin gado, ranar da ta zo buɗewa ta tarar gara ta riga ta cinye kuɗin. Sai da ta sayar da awakinta uku ta biya mutane. Mama Rhoda 'yar Rijau ce, a lokacin tana aikin jinya, ta kuma ga yadda ma'aikatan asibiti ke tafiyar da tasu ƙungiyar. Ita ta ce a daina wasa da gumin mutane, a je Minna a yi rijista, a buɗe asusu a banki. Har yau ita ce shugaba, don duk zaɓe sai a sake ɗora ta. Hausarta zaƙi gare ta, illa dai idan ranta ya ɓaci kowa "kai" ne a wurinta, mace da namiji.

Tsarin ba wuya. Kowa na zuba abin da ya ɗaukar wa kansa duk wata. In ka yi wata shida kana zubi, kana iya neman rancen da bai wuce ninki biyu na ajiyarka ba, da sharaɗin membobi biyu su tsaya maka. Ba ma ba da kuɗi da ruwa. Tun ranar farko aka kashe wannan magana, kuma Mama Rhoda, duk da ita Kirista ce, ita ta fara ɗaga hannu ta ce abin da zai hana rabin jama'a kwanciyar hankali kada a shigo da shi. Keken ɗinki kake so? Ƙungiya za ta saya, ta sayar maka da ribar da aka daddale, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ƙarshen shekara a ware kashi ɗaya cikin huɗu na ribar a ajiye kamar yadda doka ta ce, saura a raba wa masu ita. Ranar zaɓe kuwa, mai ajiyar dubu biyar da mai miliyan biyar duk ƙuri'a ɗai-ɗai ce.

Na san wasunku sun fara hamma suna cewa ina soyayyar. Ku yi haƙuri, a cikin wannan lissafin ta zo ta same ni.

A babban taron bara ne. Lokacin ban daɗe da dawowa daga bitar mako guda a Minna ba, kaina cike da sabon karatu, sai Mama Rhoda ta ce in tashi in yi wa jama'a bayani. Na sha leshi ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, na riƙe makirufo. Na gaya musu abin nan ba mu muka fara shi ba. Sama da shekara ɗari da hamsin da suka wuce, a wasu ƙauyukan Jamus, bayan an yi yunwa, masu ba da bashi da ruwa suna ƙwace wa manoma shanu da gonaki, sai wani magajin gari ya ba talakawan shawarar su haɗa 'yan kuɗinsu su riƙa ranta wa juna. Daga can abin ya haye Kanada, inda zubin farko da aka karɓa 'yan sulalla ne da ba su kai kuɗin shayi ba, ya shiga Amurka, ya iso mana Afirka ta arewacin Ghana a hannun wani limamin coci. Aka yi min tafi, na ji kaina ya yi girma.

Ina shirin zama sai wani dogo, baƙi, cikin yadi ruwan toka da jar ƙasa ta rina masa bakin wando, ya miƙe daga can baya. Ba memba ba ne, rakiyar abokinsa ya yo.

"Malama, labarin ya yi daɗi. Amma idan kuɗin nan suka ɓata, wa zai biya ni?"

Na kalli Mama Rhoda, ta ɗaga min gira alamar ruwana ne. Sai kawai na faɗi gaskiya. Na ce a Amurka akwai hukumar gwamnati da ke tsaya wa ajiyar membobi idan ƙungiya ta durƙushe, a Kenya ma akwai hukuma sukutum da aikinta kawai sa wa irin waɗannan ƙungiyoyi ido, amma mu a nan ba mu da mai biyan ka. Abin da muke da shi jami'in gama kai ne da ke zuwa ya binciki littattafanmu, da sa hannun mutum uku kafin kwabo ya fita daga banki, sai kuma idon membobi, wanda duk ya fi. Ya kalle ni ya ce tunda yake, yau ne karo na farko da mai neman kuɗinsa ya gaya masa inda ramin yake. Ranar Litinin ya zo ya yanki kati. A jikin katin na ga sunansa, Jabir, dillalin doya daga Mashegu, yana loda wa manyan motoci masu zuwa kudu.

Lambata tana manne a ƙofar ofis saboda membobi. Bayan kwana biyu, ina tsince shinkafa a tsakar gida, saƙo ya shigo.

"Sakatariya barka da yamma. Tambaya gare ni. Shi wannan Bature na Jamus, ba ya karɓar ruwa?"

Na amsa masa cewa suna karɓa, sai dai kaɗan ne, kuma ribar aljihun manoman take komawa. Ya turo hoton babban yatsa. Washegari wata ta shigo: wai gaskiya ne a Kenya masu motocin haya sai suna cikin ƙungiya kafin a bar su su ɗauki fasinja? Na ce haka malaminmu ya gaya mana. Bayan nan sai ta zama al'ada. Duk bayan la'asar, in dai yana inda akwai sabis, sai tambaya ta zo. Me ya sa ba a barin wanda ba memba ba ya ci rance? Idan shugaba ta ƙi sauka fa? Ni kuma, Allah na tuba, har na koma ina buɗe littafin bitar Minna da safe ina haddace ƙasashe, don kada ya tambaye ni a rasa amsa. Ranar da tambaya ba ta zo ba sai in riƙa duba ko datata ce ta ƙare.

Wata takwas muna haka. Bai taɓa cewa na yi kyau ba. Bai taɓa tambayar ko na ci abinci ba. Sai dai duk ranar zubi ya sauke manyan doya biyar a ƙofar ofis ya ce na ma'aikata ne, alhali ya san ma'aikaciyar ni kaɗai ce. Ƙanwata Ruka, wadda muke ɗaki ɗaya kuma ba ta san wayar wani ba tata ba ce, ta karance saƙonnin tas ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin saurayin da ke zance da Kanada ba.

A gida kuwa Inno ta tasa ni gaba. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Katin biki kawai za ta ajiye min a kan filo, ko a gefen kwanon tuwona. Idan na yi kamar ban gani ba, sai ta riƙa magana da kajinta tana watsa musu tsaba, tana ce musu ƙungiya dai ba ta biyan sadaki, littafin lissafi kuma ba ya kiran mutum Mama. Ga Ruka da nata manemin ya matsa, Baba kuma ya ce ba ya son a tsallake babba sai in ita ta ce a tsallake ta. Kun ga ke nan kowa a gidan ni yake kallo, har kajin.

To, Litinin ɗin makon nan na dawo daga banki, Mama Rhoda ta miƙo min fom biyar na masu neman rance, ta ce in shirya su kafin zaman kwamiti na ranar Alhamis. Mu biyar ne a kwamitin, har da ni, kuma kowa na da ƙuri'a. Na zauna ina dubawa ina shan zoɓo. Keken ɗinki, takin zamani, firiza, injin markaɗe. Da na buɗe na biyar sai zoɓon ya bi ta wata hanya. Rubutun na sani, na Malam Jabir ne. Ajiyarsa ta isa, watanninsa sun cika. A layin dalili ya rubuta: "Kwanon rufi bandir shida da katako da ƙusa, don rufe ɗaki biyu da falo. Ina so in yi aure bayan kaka in Allah ya yarda."

Na karanta ya fi sau goma. Babu sunan amarya, don fom ɗinmu ba ya tambaya, kuma ni na tsara shi da hannuna. Na duba ƙasa wurin masu tsayawa. Na farko abokinsa ne na tashar doya. Na biyu kuwa wani sa hannu ne mai ƙugiya a ƙarshe, wanda tun ina firamare nake ganinsa a katin sakamakona. Baba ne.

Ga inda gizo ke saƙar. A dokar ƙungiyarmu, kafin a taɓa kowane fom, shugaba sai ta tambaya ko akwai ɗan kwamitin da ke da wata alaƙa da mai nema. In akwai, ya faɗa a gaban kowa, ya fita waje har a gama. Malaminmu na bita ya ce wannan ƙa'ida ko'ina a duniya akwai ta, domin yawancin ƙungiyoyin da suka mutu ba ɓarawon waje ne ya kashe su ba, 'yan ciki ne ke ranta wa nasu a rufe. Ƙari a kan haka, Alhamis ɗin ta faɗo ranar zuwan Malam James, jami'in da ke binciken littattafanmu duk wata uku. Mutum ne mai sanyin magana, amma na san ƙungiyar da ya sa aka rushe kwamitinta kan irin wannan.

Da yamma na sami Baba a zaure yana wanke hannu da kalanzir, don shi makanikin tarakta ne. Na durƙusa na ce na ga ya tsaya wa wani. Ya ce e, yaron ya roƙe shi, ya san mahaifinsa tun suna kai gyara Mashegu, mutanen kirki ne. Na jira ya ƙara ko kalma ɗaya. Ya ce in miƙo masa sabulu.

Inno kuwa da na gaya mata a kicin, sai da ta ajiye muciya. Fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir da kujerar Makka, ta ce ai magana ta fito, wa zai aura in ba ni ba. Amma da na kawo zancen fita waje, nan take ta ɗaure.

"Ki fita ki ce me? Wa ya zo nemanki a gidan nan? Goro nawa aka kawo? 'Ya mace ba ta shelar kanta, Hadiyya. Ki zauna a kujerarki, ki ɗaga hannu in an ɗaga, ki rufe bakinki."

Na ce, "Inno, ke fa kika kafa ƙungiyar nan."

"Na kafa ta, amma kafin ita ke na haifa."

Ruka ce ta ƙarasa ni. Muna ninke kaya a ɗaki ta ce ita fa ba ta son ta ɓata min rai, amma wata ƙawarta ta taɓa ganinsa a kasuwar Auna ya goyo wata fara a babur, an ce 'yar kawunsa ce, kuma ta gama karatu tana zaune a gida. Ta ce in na tashi a gaban mutane na ce ina da alaƙa, alhali falon wata ake rufewa, sai dai mu yi hijira zuwa Bangi.

Kuna cewa me ya hana in tambaye shi? Na farko, ɗan kwamiti ba ya tattauna fom da mai shi kafin zama. Na biyu, mutumin ya shiga ƙauyukan bayan Mashegu sayen sabuwar doya, wayarsa ba ta shiga tun Lahadi. Na uku, ko da tana shiga, da wane bakin? Na rubuta "Malam Jabir, wai wace ce" na goge. Na rubuta "Allah ya sanya alheri" na goge. Kwana uku ina zuba gishiri a shayi.

Ranar Alhamis na saka atamfata kore mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na yafa farin mayafi, na shafa kwalli kaɗan don idanuna sun faɗa. Inno ta bi ni har zaure tana gyara min ɗaurin ɗankwali da bai lalace ba, tana maimaita min cewa in riƙe mutuncina. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, amma ni gumi nake.

Ƙarfe goma muka zauna. Ma'aji ya buɗe da addu'a, don a wurinmu in Musulmi ya buɗe Kirista ke rufewa. Malam James yana gefe da tabarau a kan hanci da jan biro a hannu. Aka wuce keken ɗinki. Aka wuce taki. Mai firiza aka ce ta jira wata mai zuwa saboda ɗaya daga masu tsaya mata bai gama biyan nasa ba. Aka wuce injin markaɗe. Ni dai rubutu nake, ban san me nake rubutawa ba. Har lokacin ban yanke shawara ba, wallahi. Sai Mama Rhoda ta ɗaga fom na biyar, ta karanta shi da ƙarfi har da "bayan kaka in Allah ya yarda", ta yi tambayar da take yi kullum ba tare da ta ɗago kai ba.

A nan ne abin ya faɗo min. Kwana uku ina tambayar kaina ko ni ce, ko ba ni ba ce, alhali ba abin da doka ke tambaya ke nan ba. Idan ni ce, zan ɗaga hannu a ba shi ko da lissafinsa bai fita ba. Idan kuma farar nan ce ta kasuwar Auna, na san zuciyata, sai na nemo wa fom ɗin nan aibi ko a wurin ƙusa ne. Ta kowace fuska kuɗin masu ƙuli-ƙuli ba su da amintaccen mai gadi a kujerata.

Na rufe littafi, na miƙe.

"Mama, ni zan fita. Ba zan iya yi wa fom ɗin nan adalci ba. Zuciyata tana ciki."

Ban san daga ina jimlar ƙarshen ta fito ba. Ma'aji ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Mama Rhoda ta zare tabarau tana kallona. Sai Malam James ya yi gyaran murya, a hankali yadda ya saba, ya ce, "Sakatariya, ni da na ɗauka cewa za ki yi mahaifinki ne ya tsaya masa. Ai da wannan kaɗai ya isa ki fita."

'Yan uwa, kun taɓa jin kuna son ƙasa ta tsage? Ni da na haddace dokar nan shafi-shafi, ni da nake koya wa mutane ita, kwana uku ƙofa tana buɗe a gabana ban gan ta ba, sai da na fasa bango. Dariyar da suke dannewa ta kuɓuce wa wata dattijuwa a kwamitin, sauran suka bi. Mama Rhoda ta buga tebur ta ce, "Kai, ku yi shiru. Kai kuma Hadiyya je ka zauna waje." Amma ita ma kafaɗunta rawa suke.

Na zauna a bencin ƙarƙashin darbejiya, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Mai awara ta tsallaken titi tana ta leƙe, don ba ta taɓa ganin sakatariya a waje ana zama ba. Ban yi minti biyar ba sai ga ƙarar babur. Ya yi fakin, taɓo har gwiwa, da buhu ɗaure a baya. Na manta shaf cewa ana kiran masu nema su zo su amsa tambayoyi. Ya yi sallama, na amsa ina kallon ƙasa. Ya dubi ƙofar ofis a rufe, ya dube ni.

"Sakatariya, ba a fara ba ne?"

"An fara."

"An kai kan nawa?"

"An kai."

Ƙa'idar nan ta cewa mai alaƙa ya fita waje, ni na koya masa ita da kaina, a wani dogon saƙo cikin azumi. Ina kallon ƙafafunsa, na ga ya gyara tsayuwa, ya cire hula ya mayar. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan ma'aji ya leƙo ya kira shi.

Tagar ofishinmu ba ta rufuwa tun da iska ta karya sakatarta, kuma ban ga dokar da ta hana wanda ke waje kunne ba. Suka tambaye shi yadda zai biya, ya zayyana musu motar doya nawa yake lodawa daga kaka zuwa bazara, da watannin da kasuwa ke mutuwa. Malam James ya ce a watannin nan a rage masa biya, a ƙara a lokacin ciniki. Ma'aji ya ce bandir biyar za su isa in kafinta ba ɓarna zai yi ba, suka yi ta ja har aka tsaya a biyar da rabi. Sai dattijuwar nan ta ce ita tana da tambaya, tunda aure zai ƙara masa nauyi: amaryar tana da sana'a?

Ya ce tana da aiki, kuma ta fi shi iya lissafi nesa ba kusa ba.

Ta ce to an sa rana ne?

"Ban ma tambaye ta ba, Hajiya. Mahaifinta kaɗai na yi wa maganar. Na ga bai dace in kira 'yar mutane gidan da ruwa ke zuba ba, shi ya sa na ce bari in fara da rufi."

Mama Rhoda ta ce wata takwas yana sintiri a ofishin nan, me yake gaya mata ke nan? Ya ce tambayoyi yake yi mata. Ta ce, "Kai da ita duk Allah ya shirye ku." Aka sallame shi ya koma bakin ƙofa, suka kaɗa ƙuri'a, hannu huɗu suka tashi.

Da aka kira ni in ci gaba da rubuta bayanin zama, na shiga ban kalli kowa ba. Malam James ya ce in rubuta cewa sakatariya ta fita saboda alaƙa, sannan ƙa'ida ce a faɗi irin alaƙar. Na rubuta ta farko: mahaifinta ne mai tsayawa. Ya ce saura ta biyun, tunda na furta ta a gaban kwamiti dole ta shiga littafi, shi ba ya sa hannu a kan rabin magana. Na riƙe biro. Me zan rubuta? Ba miji ba, ba wanda aka yi wa baiko ba, ba ma saurayi ba a hukumance. Sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, in doka ta yarda a bar layin haka zuwa Asabar. Iyayena za su zo daga Mashegu, sai a san abin da za a rubuta."

Malam James ya dube shi ta saman tabarau, ya ce doka ba ta hana ba, zai dawo Litinin ya sa hannu. Ya kuma ƙara da cewa daga yau har a gama biyan rancen nan, ba ruwana da fayil ɗin Malam Jabir. Ma'aji ne zai riƙe shi, shi zai je kasuwa ya sayo kwanon, ni ko rasit kada in taɓa.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, har da ƙarin suman da na gaya muku. Na tarar da Inno a tsakar gida ta haɗe rai, ta ce na kyauta, na tallata kaina a gaban maza. Baba yana alwala a gefe, ya ce ai shi ya sa ya sa hannu a takardar tun farko, don yarinya ta sami hanyar fita ba tare da an ji cikinta ba, bai san 'yar tasa ta gaji bakin uwarta ba. Inno ta juya za ta mayar masa, sai ya ce af, ya manta bai gaya mata ba, baƙi za su zo jibi daga Mashegu, mutum kamar takwas. Nan take Inno ta ƙwala wa Ruka kira ta ce maza ta je gidan Mama Rhoda ta aro babbar tukunya, ta biya wurin mai kaji, kuma wa ya bar tsakar gidan nan kaca-kaca haka kamar ba 'yan mata a ciki.

Yau Juma'a. Ina rubuto muku wannan ne daga ɗaki, hannu ɗaya da lalle, gidan ya cika da ƙamshin suyar cincin, Inno tana ta gaya wa maƙwabta cewa ita dama ta san tarbiyyar da ta yi, 'yarta ba ta cin amana ko a kan kanta. Farar nan ta kasuwar Auna kuwa, Ruka ta binciko, matar yayansa ce ya kai ta awo.

Ɗazu na hango ma'aji ya wuce a babur zai je tambayar farashin kwano. Ni dai an hana ni, kuma na bi doka, ko kallonsa ban yi sosai ba. Abin da kawai na yi, na gaya wa Ruka, a matsayina na 'yar gari ba sakatariya ba, cewa jan kwano ya cika unguwar nan, kore ya fi kyau a ido. In ta haɗu da ma'ajin a hanya ta faɗa masa, wannan kuma tsakaninta da Malam James.